Gwadon da Inna Ta Cire

Guangzhou,
Talata, 14 ga Oktoba

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Ramatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta saki kuwa, ko har yanzu sai an kama ta? Ki gaishe ta, ki ce ɗanta na China yana neman albarka. Ni ma lafiyata lau, ban da gwiwar nan da matakalan kasuwar Zhanxi Lu suka rantse sai sun ƙarasa.

Na san za ki yi dariya, ki ce tsufa ya zo wa mijinki ta ka: ga waya a aljihu, kullum muna magana, amma ya zauna yana rubutu kamar ɗan lakwal a aji. Yi dariyarki. Akwai maganar da in na ji muryarki ba za ta fito ba. Na gwada jiya, kin ji yadda na ɓige da tambayar ko akuya ta haihu. Ismaël na Yamai zai tashi jibi, shi zai sa a kawo miki ita Maradi.

Kaya sun kusa haɗuwa. Takalman maza ne suka tsaya, duk shagon da na nemi lamba arba'in da biyar sai laoban, mai shagon, ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Su a ganinsu Allah bai halicci ƙafa irin ta mutanen Maradi ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Mutumin nan ya mutu, Hajiya. Tsohon shugaban ƙasar da muka yi karatu ni da yayanki Ilu, shugaban nan da ke riƙe da hannuna a hoton falonmu, hoton da kike gogewa duk Juma'a. Ranar Asabar na gani a waya. Shekara casa'in da ɗaya, a gadon asibiti, likitoci zagaye da shi.

Akwai wani Bature ɗan waccan ƙasar da ke sarin takalma a nan, na taɓa ba ki labarinsa. Mai Sanda muke ce masa, don da sanda yake tafiya. Shekara huɗu ke nan muna shan shayi tare in kasuwa ta haɗa mu, saboda duk faɗin ginin nan ni kaɗai ke jin yarensu, kuma yana jin daɗin yadda nake karya shi. Ban taɓa tambayarsa abin da ya sami ƙafarsa ba, ba a tambayar mutum wannan.

To kin san tarbiyyarmu. In babban garin su mutum ya rasu, ko ba ka ƙaunar mamacin, sai ka je ka yi gaisuwa. Ƙafata ce ta kai ni, ban ma yi shawara da zuciyata ba. Jiya na same shi a hawa na uku yana duba ɗinkin wani takalmi, na sassauta murya, na yi masa ta'aziyyar shugabansu da yarensu, har da cewa Allah ya ba su haƙurin rashi.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ajiye takalmin, ya jingine sandar, ya naɗe ƙafar wandonsa a tsakiyar kasuwa, masu shago na kallo. Hajiya, ƙaurin nan a karkace yake, kamar reshen da ya karye ya haɗe da kansa. Ya ce ga tasa ta'aziyyar nan.

Ya ce yana ɗan shekara ashirin lokacin da mulkin gurguzu ya faɗi a ƙasarsu, wannan mutum ya hau. Da ma ɗan tsohuwar jam'iyya ne, riga kawai ya sake. Ɗalibai suka zauna a dandalin jami'a suka ce ba su yarda ba. Shi kuwa ya aika aka ɗebo ma'aikatan masana'antar ƙarfe a jiragen ƙasa, kowa da guntun rodi a hannu, suka kwana biyu suna dukan duk wanda suka gani da tabarau ko littafi. Da suka gama ya fito a talabijin ya gode musu. Sau uku ana buɗe shari'ar ana rufewa, yanzu mutuwa ta rufe ta gaba ɗaya. Yana ba ni labarin nan ina gyaɗa kai kamar baƙo.

Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, uwarsa da ta haife shi tana can tana kukan mutumin, ta kunna masa kyandir. Wai shi ya mayar musu da gonar da gwamnati ta ƙwace, shi ya buɗe iyaka har ɗanta ya zama ɗan kasuwa, kuma da ya faɗi zaɓe ya tattara ya sauka ba gardama. Ya ce duk gaskiya ne, ga kuma ƙafarsa.

Daga nan ya ce ƙungiyarsu ta waɗanda aka daka ta haƙura da kotu, za su kafa allon dutse a dandalin da sunayen waɗanda suka mutu. Sunaye arba'in da shida suke da su. Akwai na arba'in da bakwai, wani ɗalibi baƙar fata, mutum uku sun ga ana jan sa ta ƙafa, amma ba wanda ya san sunansa. Ya ce tunda ina garin a lokacin, ko na ji wani abu.

Na ce masa ban sani ba. Na fita na zauna a matakala har mai gadi ya zo ya tashe ni.

Hajiya, na sani. Kin san maganar Inna duk shekara in sanyi ya shigo, cewa ita ta kashe ɗanta Ilu, don ita ta cire gwado daga akwatinsa a filin jirgin Yamai da aka ce kaya sun yi nauyi, ta bar masa kilishi da yaji da daddawa. Shekara talatin da wani abu ina zaune a gabanta ina cewa ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ba gwado ba ne. Ba sanyi ne ya kashe Ilu ba. Hannuna ya ƙi ci gaba yau, sauran zai zo miki ta hannun Moussa in ya tashi komawa gida.

Abu biyu nake roƙo. Ki sauke hoton nan daga bango. Kuma kada ki bari Inna ta ji mutumin ya mutu, na san ta, za ta sa a yi masa sadakar waina.

Ki gaida 'yarmu Nana Hafsat da mijinta, da su Yalwa. Allah ya tsare min ku.

Mijinki,
Maidaji

*

Guangzhou,
Juma'a, 17 ga Oktoba

Zuwa ga Hajiya Ramatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, ina gaida gida baki ɗaya. Da fatan ta farko ta iso kafin wannan. In ba ta iso ba, ki ajiye wannan har ta zo, kuma ki karanta a zaune.

Kina 'yar shekara goma sha huɗu muka tafi, ban sani ba ko kina tuna ranar. Mu biyar gwamnati ta aika, ni injiniyan ruwa, Ilu likita. Mun sha wuya. Layin burodi tun asuba, ɗaki ba ɗumi, kuma ko abokinka ba ka yi wa maganar siyasa. Da mulkin ya faɗi a shekararmu ta uku, mu tsoro ne ya kama mu, don an ce sabuwar gwamnati za ta kori duk ɗaliban da tsohuwar ta kawo. Sai mutumin nan ya fito a rediyo ya ce baƙi 'ya'yansu ne, kowa zai gama karatunsa. Wallahi rawa muka yi a ranar. Ilu ya ɗaura tawul a ƙugu ya yi ta juyi a baranda. Ina gaya miki wannan don ki san mun so shi, ba wanda ya tilasta mana.

Ilu bai san siyasa ba, kin san yayanki. 'Yan ajinsu ne suka kafa tebur a gefen dandalin suna duba masu zaman, shi kuma ya ce nan ne kawai ake barin baƙar fata ya taɓa mara lafiya ba tare da an yamutsa fuska ba. Kullum sai ya je. Watan Mayu ne, Hajiya. Itatuwa sun yi ganye, mutane na shan ƙanƙara a titi. Da riga mai gajeren hannu ya fita.

Na dafa shinkafa, na ga ya daɗe, na bi shi in kira shi. Wajen sha ɗaya na safe. Ina isa manyan motoci suna isa. Ban taɓa ganin mutane suna dukan mutane cikin natsuwa irin wannan ba, kamar masu sussukar gero. Na hango Ilu durƙushe kan wata yarinya da kanta ya fashe, yana danne wurin da hannu. Wani ya nuna shi ya yi ihu, wai ga baƙin da ake biya su lalata ƙasa. Tsakanina da shi bai fi daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci ba.

Na gudu. Ya kira sunana sau ɗaya, na ji, ban juya ba. Na shige wani gidan bene na ɓuya bayan kwandunan shara har la'asar. Na rubuta miki wannan da baƙi a kan fari don kada wata rana zuciyata ta sake gyara min shi.

Sai rana ta uku muka same shi a ɗakin gawa na wani asibiti a bayan gari.

Yanzu ga inda nake so ki fahimta, ba don ki yafe ba. Kin san ba a aika wa uwa labarin mutuwa a dunƙule. Ko a nan kusa, in mutum ya rasu a Kano, ɗan aike cewa yake jiki ya yi zafi a zo, sai an iso a ji sauran. Babbanmu a cikin ɗalibai ya zaunar da ni ya ce haka za mu yi, takarda uku: ta farko ba shi da lafiya, bayan mako jiki ya tsananta, ta uku a faɗi komai. Ni aka ba rubutun, don ni ne abokinsa. Na zauna ina tunanin wace cuta mutanen Maradi za su yarda tana kama mutum a Turai, sai na rubuta sanyi ya shige shi. Na sa ta a gidan waya da kaina, ina ganin na yi aikin lada.

Washegari wani mutum ya zo daga ma'aikata, mai ladabi, har ya cire hula. Ya zo da takardar mutuwa a buge, an riga an rubuta ciwon huhu. Wai sai ɗan ƙasarsu ɗaya ya sa hannu a matsayin shaida kafin a ba da gawa. Ya ƙara da cewa, a hankali, duk baƙon da aka tabbatar ya je dandalin, shi da abokan ɗakinsa ana mayar da su gida cikin kwana biyu, ba takardar karatu. Mu huɗu ne muka rage, kowa gidansu shi ake jira. Kuma Ilu na kwance kwana huɗu ba a yi masa wanka ba. Na sa hannu.

Kin ga ƙaryar da na yi don tausayi da ƙaryar da suka yi don rufa wa kansu asiri sun zo daidai, kamar an auna. Takarda ta uku da ya kamata ta faɗi gaskiya, sai kawai ta bi bayan ta farko. Na ce a raina in na dawo gida zan faɗa da bakina.

Takardar ta'aziyyar nan mai hatimi da Inna ke ajiyewa a ƙasan akwatinta, wadda take sa ki fassara mata, daga ofishin mutumin nan mai hula ta fito. Hoton kuwa bayan wata biyu aka ɗauke shi, da aka tara ɗalibai baƙi a fada aka ba mu shayi. An ce a zaɓi ɗaya daga Afirka ya gaisa da shugaba, sunana ne a sama, na san dalili. Hannunsa da laushi, da ɗumi. Ya tambaye ni ko ina jin daɗin ƙasarsu, na ce ƙwarai. Murmushin da kike cewa ya yi min kyau a hoton, shi ne wannan.

Da na dawo na kawo akwatin kayan Ilu gidanku, na shigo da maganar a bakina. Kafin in zauna Inna ta shiga ɗaki ta fito da gwadon, ta ajiye a gabana, ta ce ga abin da ya kashe shi, ta zaɓi kilishi a kan ran ɗanta. A nan ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar ta isa. Amma in na ce ba sanyi ba ne, za ta tambaya to mene ne, sannan ta tambaya ni ina ina. Na dubi ƙasa na ce kwana ne ya ƙare. Ta dama min fura, ta ce daga yau ni ne Ilunta. Bayan shekara biyu, da na nemi aurenki kika amsa, ita ta fi kowa murna.

Da takardar karatun da na tsare da sa hannun nan, na yi shekara goma sha huɗu ina haƙa rijiyoyi daga Dakoro har Mayahi kafin in shiga kasuwa. Ruwan nan ana shan sa har yau. Na sha kwantar da hankalina da wannan. Amma ba ni na biya ba, Inna ce ta biya, duk shekara, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Ban roƙe ki komai a kaina ba. Inna ta haura casa'in. Ina so ta sani kafin ta tafi cewa ba ita ba ce.

Allah ya sanyaya miki zuciya. Ki gaida yara.

Maidaji

*

Guangzhou,
Laraba, 29 ga Oktoba

Zuwa ga Hajiya Ramatou,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta Inna. Sau goma sha ɗaya na kira ba ki ɗauka ba, kuma kin yi daidai. Nana Hafsat ta ce min kin tattara kin koma ɗakin Inna, ta ce ƙusa ce kawai ta rage a bangon falo. Ba ta san me ya faru ba, sai tambayata take ko faɗa muka yi. Ta kuma ce ƙirjin Inna ya tashi, kwana uku ba ta ci komai ba sai kunu. Wannan ne ya hana ni sakewa.

Na koma wurin Mai Sanda. Na same shi a ɗan ofishinsa a unguwar Liwan, cikin kwalaye. Na tsaya a bakin ƙofa na ce na san sunan na arba'in da bakwai, na kuma san wanda ya sa hannu aka ɓoye shi. Bai ce in zauna ba. Ya saurara har na gama, har gudun, ban rage ba. Ya ce shekara huɗu ina shan shayinsa. Na ce haka ne. Ya ce shi ma akwai wanda ya bari a ƙasa a ranar, amma shi bai je ya sha shayin fada ba. Daga baya dai ya tura min kujera da sandarsa.

Shekaranjiya ya haɗa ni da lauyar ƙungiyarsu ta waya, mace ce mai furfura. Ta ce in faɗi sunansa cikakke, a hankali. Na ce Iliyasu ɗan Ango, ɗan Maradi, ɗalibin likita aji uku. Hajiya, tun ranar da muka binne shi ban faɗi sunan nan a cikin yarensu ba. Ta ce shaidata ta dace da ta mutum ukun nan, amma ba za su sassaƙa suna a dutse ba sai danginsa sun yarda, uwa ko ɗan'uwa, ko da dangwalen yatsa ne. Takardar na cikin ambulan ɗin nan.

An binne mutumin, Mai Sanda ya nuna min a waya. Tuta a kan akwati, sojoji, igwa. Tsofaffin mata na kuka da gaske, ba na haya ba. A bayan shingen 'yan sanda kuma wasu tsofaffi riƙe da hotunan yara. Na nemi in tsane shi tsana ɗaya tak, mai sauƙi, na kasa, don in na ɗaga takardar karatuna sunansa ne a ƙasa. Sai haushin ya dawo kaina, inda ya kamata.

Ranar Juma'a bayan masallaci na gaya wa Alhaji Souleymane, don na rasa wanda zan gaya wa. Kin san shi da iya magana. Ya ce in ji tsoron Allah, tsohuwa na bakin kabari, in na tayar mata da wannan zuciyarta za ta buga, kuma alhakin na wuyana. Ya ce abin da ya wuce a bar shi, a yi mata a hankali, a ce dai an gano ba sanyin kaɗai ba ne. Wallahi sai da na ji kamar in kifa masa kwanon miya. A hankalin nan ne ya kawo mu nan! Irin muryar, irin tausayin, har irin kallon da babbanmu ya yi min shekara talatin da biyar da suka wuce. Na tashi na bar masa abincin.

Amma kuma tsoron da ya faɗa na gaske ne, ba zan ɓoye ba. Tana iya ji ta tafi. Tana iya kuma tafiya ba ta ji ba, da gwadon nan a ƙirjinta. Ke ce 'yarta, ke kika san abin da za ta iya ɗauka, ni na rasa ikon zaɓa mata tun tuni. Jirgina sai sha biyu ga Nuwamba, na nemi a matso da shi an ce ba wuri, baje kolin nan ya cika gari. In kin ga za ta jira ni, ni ya kamata in durƙusa in faɗa. In kin ga ba za ta jira ba, ki faɗa mata, ko ki kara mata waya a kunne. Kada ki kare ni a cikin labarin.

Na sayo mata man zafin nan mai damisa da take so, yana cikin kayan Sa'adiya mai atamfa, za ta iso wurinku ranar Lahadi. Ban sani ba ko za ta karɓa daga hannuna.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ƙarfi.

Maidaji

*

Guangzhou,
Alhamis, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Hajiya Ramatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Saƙon muryarki ya iso jiya da azahar ina tsakiyar ɗaure kwalaye. Bai kai minti ɗaya ba, na saurare shi ya fi sau ashirin. Ba ki gaishe ni ba, ba ki kira ni da sunan da kika saba ba. Na gode duk da haka.

Na ji kin gaya mata. Na ji ta sa aka buɗe akwati, ta ba ki takardar mai hatimi ta ce a sa a murhu, ta dangwala yatsa a takardar lauyar. Na ji ta ce a shimfiɗa mata gwadon, kuma da shi ta rufa. Da na ji wannan sai na zauna a kan kwali, laoban ya ɗauka hawan jini ne ya kawo min ruwan zafi.

Na ji kuma ba ta ambaci sunana ba sai a tambaya ɗaya. Wai a tambayi Maidaji, da ya same shi, a rufe yake? Kika ce in amsa a rubuce, kada in sassauta.

Na kwana da amsa mai daɗi a bakina. Tana nan a shirye, ba wanda zai ƙaryata ni, sauran ukun biyu sun rasu, ɗaya ban san inda yake ba. Zan iya cewa na same shi lulluɓe da bargo. Kin ga har yanzu hannun bai manta ba.

Ki ce mata a'a. Ba a rufe yake ba. A ƙasa na same shi, kan siminti, a jere da wasu, don gadajen sun cika. Sun cire masa riga da wando da takalmi, sun ɗaura masa lamba a babban yatsan ƙafa. Ba ko ƙyalle a jikinsa. Haka ya kwana uku, ni kuma ina ɗakina a ƙarƙashin bargo biyu.

Da aka ba mu shi muka rasa likkafani, garin ba inda ake sayarwa, kantuna ma a rufe. Na koma ɗaki na yaye zanen gadona, fari ne na gwamnati mai tambarin makaranta a gefe. Na wanke shi da kaina na shanya a baranda, bai gama bushewa ba muka ɗauka. Ni na yi masa wanka, ni na kama kansa, inda suka fasa na cusa auduga. Na yage tambarin don kada ya shiga kabari da shi. Zanen bai kai ba, Ilu dogo ne, kin sani, sai na cire farar rigata ta sallar idi, wadda mahaifiyata ta ɗinka min, muka naɗe masa ƙafafu da ita. Mu huɗu muka sallace shi tare da wani tsoho Baturke mai gadin maƙabarta. Fuskarsa na kallon alƙibla, na tabbatar da hannuna. Ranar akwai rana, ƙasar da ɗumi.

Wannan ne duk abin da na rufe shi da shi, kuma bayan ya daina bukata ne. Ki karanta mata yadda na rubuta, kada ki rage, kada ki ƙara.

In Allah ya yarda ranar sha uku zan iso Maradi. Ba zan wuce gidanmu ba, gidan Inna zan fara zuwa. Zan tsaya a zaure in yi sallama kamar baƙo. In ta ce a shigo da ni, in shigo. In ba ta ce ba, zan dawo washegari in sake tsayawa.

Allah ya jiƙan Ilu. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ki huta lafiya.

Maidaji,
wanda ya kawo akwatin